Dila ne ke kawo mana kalazar, ko laifin wani muke ɗora masa?

Ɗan_Rahad:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin dabbobi da ma'aikatan asibiti. A ƙauyenmu na bakin kogin Rahad, a gabashin Sudan, an kwantar da yara da dama da kalazar, ciwon nan mai dogon zazzaɓi da kumburin saifa, tun bayan yankan riɗi. Yanzu magana ta bazu cewa diloli ne suka kawo ciwon, don tun bara suka yi yawa a bayan gari, har garken awaki suke shigowa da dare. Wasu dattawa sun ce a haɗa kuɗi a sayo guba, a zuba a mushe a ajiye musu. Ranar Juma'a bayan an sauko za a yanke shawara. Zuciyata ba ta kwanta da abin ba, amma ba ni da hujjar da zan tsaya da ita gaban manya. Shin da gaske dila da yanyawa suna ɗauke da cutar a jininsu? In suna ɗauke da ita, kashe su zai raba mu da ita?

Abu_Yasir:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan dattawa. Ko ba ciwo, dila ɓarawo ne. 'Yan akuya nawa ya kwashe mana? A kashe kawai a huta.

Ummu_Sadiya:
Allah ya ba yaran lafiya. Ɗan_Rahad, kafin a kai ga maganar dila, don Allah ka tambaya ko duk yaron da ke zazzaɓi a garin an kai shi gwaji. 'Yata ta yi wannan ciwon. Mun daɗe muna ba ta maganin maleriya, zazzaɓin ya sauka ya dawo, tana ramewa ciki yana fitowa. In na yi mata wanka hannuna yakan ji wani tauri ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu, ashe saifa ce ta kumbura. Har haɓo ta fara. Da aka kai ta aka ɗiga jininta a 'yar takardar gwaji, aka kuma ɗebi ruwa daga kaluluwar cinyarta, nan take aka gane. Allurai biyu kullum har kwana 17. Ta sha wuya, amma ga ta nan tana zuwa makaranta. Ni ban taɓa ganin dila kusa da gidanmu ba.

Baiɗari_Sinja:
Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe, bari in raba su.

Ta farko, eh, dila da yanyawa da sauran dangin kare na daji suna ɗauke da ƙwayoyin cuta a jini, kuma da yawa daga cikinsu ba sa nuna alamar komai. Wanda aka fi sani shi ne Babesiya, wadda kaska ke sakawa, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su. Akwai nau'inta mai zafi da ake kira rossi. A Afirka ta Kudu an tabbatar dila mai baƙin baya yana yawo da ita lafiya lau, amma in ta shiga karen gida sai ta kayar da shi cikin kwanaki: zazzaɓi, dasashi ya yi fari fat, fitsari ya koma kalar shayi. Akwai kuma Hepatozon, wadda ba ta cizo take shiga ba, sai kare ya haɗiye kaskar yayin da yake gatsar jikinsa. Ba labarin nesa ba ne, a 2005 an buga binciken da ya samu rossi da 'yar'uwarta vogeli da Hepatozon a jinin karnukan wani ƙauye a gabashin Sudan ɗin nan.

To amma waɗannan cututtukan karnuka ne. Ba su ne kalazar ba, ba su ke kumbura saifar yaro ba. Kalazar ƙwayar Lishmaniya ce, kuma kusan ba ta da hanyar shiga jikin mutum a ƙauye sai ta bakin ƙudan rairayi. Dila ya zo ya ɗauki ɗan akuya ya tafi, bai bar wa kowa kalazar a garke ba.

Ta biyu, ko kashe su zai yi magani? A'a. Zan dawo kan dalili in na gama da wata saniya da aka kawo mini.

Abu_Yasir:
Dakta, ai ka amsa da bakinka. Ka ce suna ɗauke da cuta. To ƙudan ya ciji dila ya zo ya ciji yaro fa?

Rabi_Ɗakin_Gwaji:
Abu_Yasir, tambayarka tana kan hanya, kuma masana sun shekara fiye da hamsin suna bin ta. Amma a samu ƙwayar cuta a jikin dabba daban, a ce dabbar ce ma'ajiyar cutar daban. Kafin a ba dabba wannan suna sai ta cika sharuɗɗa. Ta kasance da yawa a wurin, ƙwayar ta daɗe a jikinta ba ta kashe ta da wuri ba, ƙudan ya riƙa cizonta a kai a kai, sannan babban sharaɗi, in ƙuda mai tsabta ya sha jininta ya tashi da cutar. Injin gwajin jini da ake kira PCR yana iya gano ɓurɓushin ƙwayar ko da ta riga ta mutu a jiki. Wannan yana nuna an ciji dabbar, bai nuna tana rabawa ba.

Ga misali daga Brazil. Can kalazar ɗinsu wani nau'i ne, infantum, kuma kare ne ma'ajiyarsa babu gardama. An samu yanyawar dajinsu da yawa ɗauke da cutar, aka zaci su ne tushe. Da aka sa ƙuda ya sha jininsu aka kwatanta da karnukan gida, sai aka ga kason da suke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, karnuka ne ke riƙe da cutar.

Namu na nan donovani ne, kuma shi mutum ma ma'ajiyarsa ne. Bayan an warke, kusan rabin masu kalazar a Sudan sukan fito da ƙuraje a fuska, suna farawa a gefen baki su bazu. Akwai ƙwayar a cikin ƙurajen nan, kuma a Bangaladesh an gwada an ga ƙuda yana ɗaukar ta daga irin waɗannan mutane. Galibi ƙurajen kan baje da kansu cikin shekara, amma masu tsanani suna buƙatar magani. Ɗan_Rahad, ka duba garinku, yara nawa ke yawo da wannan a fuska?

Ummu_Sadiya:
Wallahi Rabi, tawa ma ta yi su, kamar bakon dauro. Ba wanda ya ce mana ƙuda na iya ɗauka daga nan.

Tsohon_Maharbi:
Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini. Na ji bayanin 'yata Rabi, Allah ya yi albarka, amma ina da ja. Na yi yawon dajin Dindir tun ina saurayi. Akwai wuraren da za ka yi tafiyar yini ba ka ga bukka ko ɗaya ba, sai itatuwan talha da aduwa da baƙar ƙasa da ta dare har ƙafar jaki tana faɗawa. Mutum ya kwana can da bazara, ya dawo gida lafiya, bayan watanni saifa ta tashi. Masu gadin dajin ma sun sha kamuwa. To wane mutum ne ƙudan ya ciza a can kafin ya cije su? Dole akwai wata dabba da ke riƙe da abin a daji. Ban ce dila ba ne, amma kada yaran boko su ce mana daji ba ruwansa.

Rabi_Ɗakin_Gwaji:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma masu bincike sun ga abin da ka gani. A shekarun 1990 an kama ƙudan rairayi ɗauke da cutar a cikin gandun Dindir, nesa da mazaunin mutane, lokacin da masu gadi ke kamuwa. Shi ya sa aka shiga ɗana wa dabbobi tarko. Wanda zargi ya fi faɗawa kansa a rahoton 2001 tunku ne, ba dila ba. Kafin nan, a shekarun 1960, a yankin Malakal da Faloj da ke Sudan ta Kudu a yanzu, an samu ƙwayar a jikin ɓerayen daji da wasu namun daji masu kama da kyanwa. Har yau ba a rufe maganar ba.

Ɗalibar_Gadarif:
In ƙara kan na Anti Rabi. An yi wani gwaji a gabashin Sudan, aka buga a 2009, inda aka sa dabbobi daban-daban a cikin tarko don a ga wanne ƙudan ya fi so. Karen gida ne ya fi jan ƙudan, ya wuce tunku da ɓera. A ƙauyen Barbar al-Fugara ma, wajen kogin Atbara, an samu karnuka ɗauke da Lishmaniya lokacin da cutar ta yi tsanani a can. Abin da ba a warware ba shi ne, kare ne ke ba mutum ko kuwa shi ma daga mutane ya samu.

Abu_Yasir:
To shi ke nan, a haɗa da karnukan.

Malam_Na_Maiurno:
Subhanallah. Abu_Yasir, a yi hattara da rai. Shari'a ta yarda a riƙe kare don kiwo da noma da farauta, hadisi ingantacce ne. Kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da ta tabbata tana cutarwa ana iya kawar da ita, babu saɓani, amma a kan yaƙini, ba a kan zato ba, kuma ba ta hanyar da za ta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Guba a mushe ba ta tambayar sunan mai ci.

Baiɗari_Sinja:
Na dawo. Malam ya riga ni faɗin rabin abin da zan ce. Na taɓa zuwa wani sansanin noma bayan an zuba guba a mushen jaki. Dila biyu muka tarar, amma ungulaye sun fi ashirin a zube, wasu ba su gama mutuwa ba suna ta bugun ƙasa da fuffuke, ga karnukan makiyaya a gefen rafi bakinsu duk kumfa. Wurin da yara ke bi da awaki ne. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Ban da wannan, dila yana cin ɓera fiye da yadda yake cin ɗan akuya. Ka rage shi, ɓera ya yi yawa a gonar dawa, kuma kun ji ɓera ma yana cikin waɗanda ake zargi. Sannan dila ba ya barin wuri babu kowa, ka kashe na nan, na gaba su matso.

Maganar haɗawa da karnuka kuwa, Brazil ta shekara da shekaru tana kashe karnukan da gwaji ya nuna suna da cutar, abin bai kawo ƙarshenta ba, don mutane sai su ɗauko sabon kwikwiyo shi ma ya kamu. Abin da ya fi nuna amfani shi ne abin wuya mai maganin ƙwari da ake ɗaura wa kare, wanda ke hana ƙudan cizonsa.

Ɗan_Jizan:
Gaisuwa daga Saudiyya. Mu ma nan kudu, Jizan da Asir, akwai kalazar, yawanci ƙananan yara take kamawa, ko da yake ta ragu sosai. An samu ƙwayar a karnukan da ke yawo ba mai su, an kuma same ta a baƙin ɓera. A gabas wajen Ahsa kuwa Lishmaniyar fata ce ta fi yawa, kuma ita ma'ajiyarta wani ɓeran hamada ne mai ƙiba da ke haƙa rami ƙarƙashin ciyawar gishiri. Ina faɗa ne don a ga kowane wuri da dabbarsa. Abin da aka gano a Iran ko Falasɗinu game da dila da yanyawa ba lallai ya zama haka a Rahad ba.

Mai_Raƙuma_Showak:
Dakta, tunda ana maganar jini, ni tambayata kan gufar ce. Raƙumina ya mutu da ita da kaka, na bar wa karnuka suka ci. Bayan ɗan lokaci babbar karyata ta rame, idonta ya yi fari kamar an zuba nono, ta mutu. Akwai alaƙa?

Baiɗari_Sinja:
Akwai, Alhaji, kuma alamar da ka faɗa ta yi daidai. Gufar 'yar'uwar sammore ce, sai dai ita ba ta buƙatar tsando, bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo ke ɗaukar ta daga raƙumi zuwa raƙumi da damina. Kare da dila da kura kuwa suna iya samun ta ta baki, in sun ci ɗanyen naman dabbar da ba ta daɗe da mutuwa ba, ta 'yan raunukan da ƙashi ke yi musu a dasashi. Ka ga a nan raƙumi ne ma'ajiya, mai cin mushe shi ne wanda aka zalunta. Mushen da ya mutu da ciwo a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Gargaɗi ɗaya tunda na san halinmu: kada wanda ya ɗebi Berenil, allurar sammore ta shanu, ya yi wa kare da ka. In ya yi yawa ko aka maimaita da wuri yana taɓa ƙwaƙwalwar kare ya kashe shi, kuma raƙumi ma ba ya jure shi. Haka amitiraz na wankan kaska, yana yi wa kare da shanu aiki in an auna daidai, amma kada ya taɓa doki ko jaki.

Mai_Raƙuma_Showak:
Na gode Dakta. Allah ya saka.

Hajiya_Takari:
Ni abin da nake gani, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Me ya kawo dila bayan gari? Mu ne muke jefar da mushe da kayan cikin yanka a bola. Da can nesa ake kaiwa. A gyara shingen garke da ƙaya, a daina zubar da mushe kusa, a ga ko zai zo.

Ɗalibar_Gadarif:
Hajiya ta taɓo wani abu da malaminmu ke yawan nanatawa. A bolar nan ne karen gida da dila suke haɗuwa, kuma cuta ba hanya ɗaya take bi ba. Sau da yawa daga gida take fita daji. A Serengeti ta Tanzaniya a 1994, wata cutar karnuka ta haɗu da Babesiya bayan fari, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma karnukan ƙauyukan kewaye aka fi zargi da kai ta. A tsaunukan Bale na Habasha, kyarkecin ƙasar, wanda duka-duka bai fi 500 ba a duniya, haukan kare daga karnukan makiyaya ke yi masa kisan kiyashi. Karnukan gari sun ninka diloli yawa nesa ba kusa ba, ga su jiki duk kaska, ga su kwance a ƙofar ɗaki.

Tsohon_Maharbi:
Maganar kaska gaskiya ce. Na sha feɗe dila, kunnensa da wuyansa cike, amma da ƙibarsa da ƙarfinsa. Karen da na shiga daji da shi kuwa in ya kwaso kaskar can, sati ba ya cika sai ya kwanta ya ƙi abinci. Mun ɗauka sammu ne na malamin daji. To yanzu na ji bayanin Dakta. Amma ina nan kan bakana game da kalazar, akwai mai riƙe da ita a dajin can.

Abu_Yasir:
Duk na ji. Amma wanda aka kwashe wa awaki fa, wa zai biya shi? Ku da kuke birni sauƙin magana gare ku.

Ɗan_Rahad:
Kawu Abu_Yasir, ni a ƙauyen nake, namu ma an ɗauka. Asarar akwai ta. Abin da nake tsoro shi ne a zuba guba, kowa ya koma gida ya ce an yi maganin kalazar, a saki jiki. Anti Rabi, in na tsaya gaban dattawa me zan ce a yi a maimako? Ba a zuwa wa manya da "kada a yi" kawai.

Rabi_Ɗakin_Gwaji:
Ka fara da lokaci, don shi ke ruɗa mutane. Ƙudan yana yawa ne a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da ƙasa ta dare kuma zafi ya kori kowa waje da angarib, wato gadon igiya. Cutar tana ɗaukar wata 2 zuwa 6 kafin ta bayyana, shi ya sa asibitoci ke cika daga Oktoba zuwa Janairu. Yaran da suka kwanta bayan yankan riɗi tun bazara aka cije su. Ka tambayi iyayensu inda suka kwana a watannin nan, ko sun je kiwo ko itace cikin talha da magariba.

Ƙudan ƙarami ne ƙwarai, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa. Yana ratsa gidan sauro mai manyan idanu, sai mai ƙananan ido ko mai magani. A sa wa yara tun magariba, ba sai an gama hira ba. Duk zazzaɓin da ya wuce sati 2 bai ji maganin maleriya ba, a kai gwaji, kada a tsaya ƙona ciki ko tsaga. In ba a yi magani ba kusan kowa mutuwa yake yi, in an yi da wuri mafi yawa suna warkewa. A Yammacin Upper Nile, cikin Sudan ta Kudu ta yanzu, tsakanin 1984 da 1994 an ƙiyasta mutum 100,000 suka mutu da ita, saboda yaƙi ya raba su da magani, ga yunwa.

Yunwar nan ma a kula da ita. An taɓa kwatanta ƙauyuka biyu a bakin Rahad ɗinku, Koka ta Hausawa da Um Salala. A Koka mutane da yawa sun kamu amma jikinsu ya danne cutar ba su kwanta ba, kuma ingancin abinci na cikin dalilan da aka kawo.

Ummu_Sadiya:
Wannan na ƙarshe shi ke hana ni barci. Tun da yaƙi ya tashi a 2023 ga baƙi cike da Gadarif, daga Khartum da Madani da Sinja, mutanen da jikinsu bai taɓa sanin ƙudan nan ba, suna kwana a fili, abinci sai a hankali. Wasu sun tafi aikin gona can kudu da yaransu. In za ku haɗa kuɗi, Ɗan_Rahad, ku tuna da su a rabon gidan sauro.

Malam_Na_Maiurno:
Ɗan_Rahad, kada ka bari sai a taro. Ka je wa liman da mai gari tun daren Alhamis, ka karanta musu bayanin Dakta da na Rabi a keɓe. In maganar ta fito daga bakinsu ta fi karɓuwa.

Baiɗari_Sinja:
Abu ɗaya da bai kamata ya ɓace cikin hirar ba. In kuka ga dila ya shigo gari da rana tsaka, ba ya tsoron mutum, yana tangaɗi ko dalala, wannan ba maganar Babesiya ba ce, haukan kare ne ake tsoro. Shi kam a kawar da shi, kada yara su taɓa gawar. Wanda dilan ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nemi allura a ranar.

Tsohon_Maharbi:
Dakta, in akwai masu binciken da ke son jinin dila da tunku, a gaya musu akwai tsofaffin da suka san ramukansu da inda suke shan ruwa da rani. Ana iya kama su da rai a sake su. Ni ina so in san mai riƙe da abin nan kafin in bar duniya.

Abu_Yasir:
Ni fa ban sauka daga maganar awakina ba. Amma Dakta, abin wuyan nan na kare, ana samunsa a kasuwar Gadarif? Nawa ne, kuma wata nawa yake yi?